Shaidar Amini da Shaidar Waƙa: Yadda Muke Tunawa da Malam Sa'adu Zungur

1.0 Gabatarwa



A unguwar Gwammaja ta birnin Kano akwai gidan da Malam Aminu Kano ya zauna har Allah ya karɓi ransa ran 17 ga Afrilu, 1983, a nan ne kuma aka binne shi. Wannan gida, watau Gidan Mambayya, yana hannun Jami'ar Bayero, wadda ta mayar da shi cibiyar nazarin dimokuraɗiyya tun shekarar 2000. Babban zauren taro na cibiyar kuwa, sunan Malam Sa'adu Zungur aka sa masa. Ke nan jami'a ta haɗa aminai biyu a haraba ɗaya bayan rasuwarsu, kamar yadda zaman Bauci ya haɗa su suna raye. A Jihar Bauci ma, jami'ar jiha ta Gaɗau, wadda aka kafa a 2011, an sauya mata suna ta koma Jami'ar Sa'adu Zungur. Yabon gwani ya zama dole, kuma babu mai musun cewa Malam Sa'adu ya cancanci wannan karramawa.

Maƙasudin wannan takarda shi ne a yi tambaya ɗaya: shin wane Sa'adu ne muke tunawa da shi? Abin da ya kai ni ga tambayar ƙaramin abu ne. Duk shekarar da na zo koyar da waƙar nan tasa, "Arewa Jumhuriya ko Mulukiya", nakan fara da tambayar ɗalibai ko wanne mawaƙin ya zaɓa cikin biyun. Mafi yawansu sukan ce jumhuriya, hujjarsu kuwa ita ce ai malamin Malam Aminu ne. Haka nan dattawan garinmu, Ƙafin Maiyaki, waɗanda suka ga zamanin NEPU da PRP, in an ambaci Sa'adu sai su ce wanda ya fara ja da sarakuna. Alhali kuwa waƙar mulukiya ta zaɓa, ko da yake bisa sharaɗi. Ina ganin cewa ƙaunar da ake yi wa amincin mutanen nan biyu ta shiga tsakaninmu da waƙar, har muna karanta Sa'adu da idon abin da Malam Aminu ya zama daga baya. Takardar za ta dubi asalin amincin, sa'an nan shaidar da aminin ya bayar, sa'an nan abin da waƙar ta faɗa da bakinta, daga ƙarshe kuma haƙƙin da ya hau kan jami'ar da ta ɗauki sunan marubuci.

2.0 'Yan Kwaleji Ɗaya

Ba za a gane wannan aminci ba sai an waiwayi Kwalejin Katsina. An kafa ta a 1921 don horar da malaman makaranta, Gwamna Kilifod ya buɗe ta a 1922, aka mayar da ita Kaduna a 1938, aka sake ɗauke ta zuwa Zariya a 1949, ita ce kuma ta zama Kwalejin Barewa. Daga cikinta ne Ahmadu Bello da Abubakar Imam da Abubakar Tafawa Ɓalewa suka fito. Sa'adu Zungur, ɗan gidan malamai na Bauci, ya shige ta a 1929, ya tarar da ɗan garinsu Abubakar Tafawa Ɓalewa yana gabansa da shekara ɗaya. Daga nan ya wuce Babbar Kwalejin Yaba a Ikko a 1934, inda ya zama ɗan Arewa na farko a cikinta. Shi kuwa Aminu Kano, wanda aka haifa a 1920, a 1937 ya shiga kwalejin, ya bi ta zuwa Kaduna, ya gama a 1942. Ashe ke nan ba su zauna aji ɗaya ba. 'Yan kwaleji ɗaya ne, ɗaya wa, ɗaya ƙane, kuma wannan tazara ta shekaru ta bi amincinsu har ƙarshe, domin Malam Aminu bai daina ɗaukar Sa'adu a matsayin malaminsa ba.

Sun fara shaƙuwa a Zariya a farkon shekarun 1940, lokacin da Sa'adu yake koyarwa a makarantar haɗa magunguna. Amma a Bauci ne amincin ya yi saiwa. An tura Aminu koyarwa Midil ta Bauci, inda Abubakar Tafawa Ɓalewa yake, shi kuma Sa'adu ciwon ƙirji ya komar da shi gida. A 1943 aka buɗe wata ƙungiyar tattaunawa da yardar Turawan mulki, inda malamai da ma'aikatan En'e suke haɗuwa su yi muhawara. Da muhawara ta kai ga tsarin mulkin ƙasa ta hannun sarakuna, ta kuma yi zafi, sai aka rufe ƙungiyar, su kuwa suka kafa wata tasu ta kansu don neman ci gaban Bauci.

Daga wannan zaure ɗaya hanyoyi uku suka fita. Abubakar ya bi hanyar gyara daga ciki, ya shiga NPC, ya zama Firayim Minista a 1957. Aminu ya ajiye aikin koyarwa a 1950, ya zama jagoran NEPU, wadda aka kafa a Kano ran 8 ga Agusta na shekarar. Sa'adu kuwa ya tafi Ikko a 1948 ya riƙe sakatarcin NCNC, ya kuma halarci taron Jam'iyyar Mutanen Arewa na Kaduna a 1949, sa'an nan ya dawo gida ya ƙare kwanakinsa tare da 'yan NEPU, yana fama da ciwo, har ya rasu a watan Janairu na 1958 yana da shekara arba'in da 'yan kai. Abin lura a nan shi ne, cikin su ukun Sa'adu ne kaɗai bai ga ranar 'yancin kai ba, shi ne kuma kaɗai bai sami damar bayyana kansa ga waɗanda suka zo baya ba. Waɗansu ne suka bayyana shi.

3.0 Shaidar Amini

Rubuta tarihin amini ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Waziri Giɗaɗo ɗan Laima, aminin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello tun suna samari, ya rubuta labarin halayensa bayan rasuwarsa a 1837. Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo ya yi wa abokansa da suka riga shi marsiyya, haka ita ma Nana Asma'u ta yi wa ƙawarta A'isha. Irin wannan rubutu yana da manufa biyu: biyan haƙƙin zumunci, da kafa abin koyi ga na baya. Mai yin sa kuwa ba ya ɓoye cewa masoyi ne.

A kan wannan turba littafin Malam Aminu Kano, Rayuwar Ahmad Mahmud Sa'adu Zungur, ya hau. Kamfanin NNPC ne ya buga shi a Zariya a 1973, shekara 15 bayan rasuwar Sa'adu. Littafin ba shi da yawa, amma darajarsa ta fi girmansa, saboda dalilai uku. Na farko, da Hausa aka rubuta shi, don haka ya isa ga mutanen da Sa'adu ya yi wa waƙa. Na biyu, shaida ce ta ganau, wanda ya zauna da mutumin, ya ga lafiyarsa ya ga ciwonsa, kuma abokin kuka shi ake gaya wa mutuwa. Na uku, ya fito a lokacin da ake bukatarsa. Soja sun rushe jam'iyyun siyasa tun 1966, shi kansa marubucin yana kwamishina a gwamnatin Janar Gowon, samarin da suka taso bayan yaƙin basasa kuwa sunan Sa'adu ya fara dusashewa a kunnensu. Shekara guda bayan haka, a 1974, Malam Ɗandatti Abdulƙadir, wanda daga baya ya shugabanci Jami'ar Bayero, ya fitar da littafinsa na Ingilishi a kan waƙoƙin Sa'adu da rayuwarsa da ra'ayoyinsa. Littattafan nan biyu su ne suka dawo da Sa'adu cikin aji.

To amma Hausawa sun ce so hana ganin laifi, kuma wajibi ne manazarci ya san iyakar kowace irin shaida. Ba ina nufin Malam Aminu ya faɗi abin da ba haka ba. Matsalar tana wajenmu, mu masu karatu. Wanda ya ba da shaidar ya rayu shekara 25 bayan amininsa, a cikinsu ya zama tutar talakawa, ya kafa PRP a 1978, jam'iyyar da gwamnatinta ta soke haraji da jangali a Jihar Kano a 1979. Duk wanda ya ji Malam Aminu ya ce Sa'adu ne malaminsa, sai ya ɗauki abin da ya sani na almajiri ya jingina wa malami, ya ɗauki zafin gwagwarmayar NEPU da En'e a shekarun 1950 ya mayar da shi baya ya zuba a cikin waƙar da aka yi kafin wannan wuta ta kama sosai. Da haka aka sami Sa'adu mai fuska ɗaya, mai sauƙin haddacewa, mai daɗin ambato a wajen taro. Waƙa kuwa a bakin mai ita ta fi daɗi, saboda haka bari mu koma gare ta.

4.0 Shaidar Waƙa

4.1 Zamanin da Aka Yi Ta

An yi wannan waƙa a tsakanin 1949 da 1950, kuma abubuwa uku ne suke kan zukatan 'yan bokon Arewa a lokacin. Na farko, ana shirin sake tsarin mulkin Nijeriya, wanda ya kai ga babban taron Badun na Janairun 1950, inda wakilan Arewa suka tsaya sai an ba su rabin kujerun majalisar tsakiya. Na biyu, Kudu ta yi wa Arewa nisa a ilmin boko, kuma Sa'adu ya ga wannan nisa da idonsa, sau biyu, yana ɗalibi a Yaba da kuma yana sakataren jam'iyya a Ikko. Na uku, Indiya ta sami 'yanci a 1947, ta haɗiye ɗaruruwan masarautun da Ingila ta bari a ƙarƙashin sarakunansu, ta shiga Haidarabad da soja a 1948, ta kuma zama jumhuriya ran 26 ga Janairu, 1950. Ga mai bin labarin duniya irin Sa'adu, kamannin a fili yake: ƙasa ce da Ingila ta mulka ta hannun sarakuna, Ingila ta tafi, sarakuna suka wayi gari babu mai kare su.

4.2 Jigo da Warwararsa

Jigon waƙar gargaɗi ne ga sarakunan Arewa da jama'arsu. Mawaƙin ya shimfiɗa hanya biyu. Ɗaya jumhuriya, watau ƙasar da ba ta da sarki. Ɗaya mulukiya, watau sarauta wadda doka da shawara suka ɗaure, irin ta Ingila. Ya nuna fifikonsa ga ta biyun, don yana ganin sarautar Arewa gadon jihadin Shehu Usmanu ce, kuma ita ce garkuwar da za ta hana a narkar da Arewa cikin tsarin da waɗansu za su tsara mata. Sa'an nan ya juya ga sarakunan ya ce musu wannan gado ba zai tsaya da kansa ba. In ba su bar zalunci ba, in ba su buɗe wa jama'a ƙofar ilmi da shawara ba, to abin da ya sami takwarorinsu na Indiya yana tafe. A taƙaice, matsayin waƙar shi ne abin nan da Hausawa suke cewa gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Daga cikin wannan doguwar hujja, wurare biyu ne kawai suka zauna a bakin jama'a. Ɗaya shi ne baitin nan na farko-farko mai kira ga faɗin gaskiya ko da za ta jawo wa mai faɗa wahala. Ɗayan kuwa shi ne inda ya jero cututtukan al'umma, irin su karuwanci da daudu da shaye-shaye da roƙo da barar yara. Duka biyun ana iya cire su a rera su kaɗai, kuma kowace jam'iyya tana iya aron su. Amma ƙashin bayan waƙar, watau zaɓin da ya yi da dalilan zaɓin, shi ne aka bari a takarda, domin bai yi wa kowa daɗi gaba ɗaya ba. Mai ƙin sarauta ba ya son ya ji an zaɓi mulukiya. Mai son sarauta kuma ba ya son ya ji sharuɗɗan.

4.3 Zubi da Salo

Waƙar 'yar ƙwar biyu ce, amsa-amonta kuwa "ya" ne tun daga farko har ƙarshe. A nawa ganin wannan zaɓi yana daga cikin gwanintar mawaƙin, domin da wannan gaɓa ce kalmomin siyasa da aka aro daga Larabci suke ƙarewa, kamar su biyun da suke cikin sunan waƙar, da ita ce kuma sunayen ƙasashe da dama suke ƙarewa a Hausa. Saboda haka baƙin kalmomi suka sami wurin zama a ƙarshen baiti, inda kunne ya fi riƙewa, mai sauraro ya haddace su tun bai gama fahimtar su ba. Ta wannan hanya waƙar ta koya wa Hausa kalmomin muhawarar tsarin mulki.

Abu na biyu shi ne yadda ya ɗauki zubin waƙar wa'azi ya ba shi sabon aiki. Malaman ƙarni na 19 sukan jero zunubai, su tsoratar da azabar lahira, su kwaɗaitar da ni'imarta. Sa'adu, wanda ya tashi a cikin wannan karatu, kuma ya yi "Waƙar Bidi'a" a kan wannan tafarki, ya riƙe jeren da tsoratarwar, amma ya matso da sakamakon zuwa nan duniya: kunya a gaban sauran al'ummu, da rasa mulki, da zama bayi a ƙasar haihuwa. Maimaita kalmar sharaɗi a farkon baitoci, ɗaya bayan ɗaya, shi ya ba wannan sashe nauyin hukuncin alƙali. Irin wannan dabara ya yi a "Maraba da Soja", inda ya ɗauki zubin waƙar tarya ga sojojin da suka dawo daga Bama bayan Yaƙin Duniya na Biyu ya cusa zancen 'yanci a ciki. Ashe mutum ne mai zuba sabon abu a tsohuwar ƙwarya, a waƙa da siyasa duka, kuma wanda ya lura da haka a salonsa ba zai yi mamakin zaɓin mulukiya ba.

5.0 Inda Waƙar Ta Yi Rauni

Haƙƙin mawaƙin da ya yi kira ga faɗin gaskiya shi ne a faɗi gaskiya a kansa. Ina ganin rauni uku.

Na farko, waƙar ta dubi mutanen Kudu da idon tsoro, ta haɗa su a dunƙule kamar masu niyya ɗaya. Ana iya ba shi uzurin zamani da abin da ya gani a Ikko, amma uzuri ba ya mayar da rauni ƙarfi, kuma malamin da zai koyar da waƙar a ajin da yake da ɗalibai daga kowane sashe na ƙasa dole ya tsaya a nan ya yi bayani.

Na biyu, baitocin cututtukan al'umma sun fi ƙarfi wajen nuna ciwo a kan nuna sanadinsa. Yaron da yake bara da matar da ta bar gida, su ne suka fito fili a matsayin abin kunya, alhali su ne ƙarshen igiyar. Wanda ya san yadda talaka yake sayar da hatsinsa da kaka don ya biya haraji, sa'an nan ya tura 'ya'yansa ci-rani da almajirci kafin damina, kamar yadda iyayenmu a Kiru da Bebeji suke ba da labari, zai so a ce mawaƙin ya bi igiyar zuwa tushenta da irin wannan zafi.

Na uku, maganin da ya bayar ya rataya ne a kan yardar waɗanda ake yi wa gargaɗin. In sarakuna suka ƙi ji fa? Waƙar ta faɗi abin da zai same su, amma ba ta faɗi abin da talaka zai yi ba. Wannan giɓi ne Alhaji Mudi Sipikin ya shiga da waƙarsa ta martani, "Arewa Jumhuriya Kawai". Sunan martanin kaɗai ya isa hujja cewa mutanen zamanin, har na cikin NEPU, sun fahimci abin da Sa'adu ya zaɓa. Mu na baya ne muka manta. A ra'ayina kuma, kusantar da ya yi wa NEPU a shekarunsa na ƙarshe amsa ce da ya ba wannan tambaya da ƙafarsa, bayan ya ga yadda aka karɓi nasiharsa.

Tarihi ma ya auna waƙar, ya gaskata rabi ya bar rabi. Nijeriya ta zama jumhuriya ran 1 ga Oktoba, 1963, amma sarauta ba ta gushe ba. An dai yi ta zare mata iko: kotuna da 'yan doka da gidajen yari suka koma hannun gwamnati a ƙarshen shekarun 1960, gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya ƙarasa En'e. Abin da mawaƙin bai hango ba shi ne inda guguwar za ta taso. Gwamnatin Jihar Arewa ce, ta NPC, ta sa Sarkin Kano Muhammadu Sanusi ya yi murabus a 1963. A zamaninmu kuma, dokar majalisar jiha ce ta raba masarautar Kano gida biyar a 2019, ta fitar da ƙasashen Kiru da Bebeji da Tudun Wada da Doguwa daga ƙarƙashin Sarkin Kano, wata dokar majalisar kuma ta soke wannan rabo a 2024. Ba aikin wannan takarda ba ne ta ce wa ya yi daidai. Abin nufi shi ne mutumin Ƙafin Maiyaki ya ga an sauya masa inda yake kai gaisuwa sau biyu cikin shekara biyar, ba da hannun kowa daga Kudu ba. Tambayar da Sa'adu ya yi, ta matsayin sarki a ƙasar da doka take mulki, tana nan a ƙofar gidanmu, kuma ɗalibin da aka ba rabin waƙar an hana shi abin da zai yi tunani da shi.

6.0 Haƙƙin da Ya Hau Kan Jami'a

Karramawar jami'a iri biyu ce. Akwai ta suna, watau a rubuta sunan mutum a ƙofar zaure ko a kan takardar shaidar digiri. Akwai kuma ta karatu. Ta farko ta dace da kowane babban mutum, ta biyu kuwa ita ce marubuci ya fi bukata, ita ce kuma babu mai iya yin ta sai jami'a. Jihar Bauci tana da jami'a mai sunan Abubakar Tafawa Ɓalewa tun 1988, ga kuma mai sunan Sa'adu Zungur, watau 'yan kwalejin nan biyu da siyasa ta raba an jera su a jiha ɗaya. Abin tsoro shi ne jerawar ta shafe bambancin da ya sa kowannensu ya zama abin nazari, a wayi gari duk sun zama "'yan mazan jiya" masu fuska ɗaya, alhali saɓaninsu shi ne darasin.

Saboda haka ina ba da shawara huɗu. Ta farko, a sake buga waƙoƙin Sa'adu cikakku, da sharhi cikin Hausa mai warware kalmomin Larabci da Ingilishi da sunayen ƙasashe da mutane da suke ciki, domin yawancin abin da yake hana ɗalibi bin hujjar waƙar rashin sanin waɗannan ne. Ta biyu, a sake buga littafin Malam Aminu na 1973, a sa masa gabatarwa mai bayyana lokacin da aka rubuta shi da matsayin marubucin. Ta uku, a manhajar kwalejojin ilmi a riƙa koyar da waƙar Sa'adu tare da martanin Mudi Sipikin, ɗaya a gefen ɗaya, don ɗalibi ya ga cewa rubutacciyar waƙar Hausa fagen muhawara ce. Ta huɗu, a tura ɗalibai ƙauyuka su ɗauko abin da dattawa suka haddace na waƙoƙin siyasa, a ga waɗanne baitoci ne suka rayu a baki, waɗanne kuma suka faɗi a hanya. Dattawan nan suna ƙarewa, kuma abin da suka zaɓa suka riƙe shi ma shaida ne.

7.0 Kammalawa

Wannan takarda ta yi ƙoƙarin nuna cewa muna da shaida biyu a kan Malam Sa'adu Zungur. Shaidar amini ta ba mu mutumin, da iliminsa da jarumtarsa da haƙurinsa da ciwo, kuma ba don ita ba da wataƙila sunansa bai kai ƙofar zaure ba. Shaidar waƙa ta ba mu tunaninsa a wani lokaci ƙayyadadde, da ƙarfinsa da rauninsa, kuma wannan tunani bai zo daidai da na amininsa a kowace gaɓa ba. Wannan bai rage amincin da kome ba, hasali ma shi ya nuna ingancinsa, tun da almajirin ya wuce inda malamin ya tsaya a waƙar, bai kuma fasa kiran sa malam ba.

Hausawa sun bambanta maroƙi da amini. Maroƙi yakan zaɓi abin da zai yi daɗin ji, amini kuwa yakan faɗi duka. Sa'adu ya tsaya wa sarakunan Arewa a matsayin amini, ya faɗa musu abin da ba su so ji ba. Mu da muke zama a zauren da yake ɗauke da sunansa, abin da ya kamace mu shi ne mu yi masa irin abin da ya yi musu, mu karanta shi duka. Allah ya jiƙan Malam Sa'adu, ya jiƙan Malam Aminu, ya sa mu cika da imani.